Yadda Ake Gano Abin da Ke Jawo Layukan Tsaye a Bugun Firinta 3D, da Yadda Ake Kawar da Su

Firintar 3D ta tebur, irin wadda ke narkar da zaren roba tana shimfiɗa shi hawa-hawa, dole ta bar layuka a kwance, haka aikinta yake. Waɗanda ba dole ba su ne layukan tsaye, masu tashi daga gindin bango har samansa, jere reras da tazara ɗaya. Wasu ido ba ya kama su sai haske ya bugi bangon ta gefe, wasu kuwa farce ma yana jin su. Sirara daga cikinsu masu harkar ke kira VFA (vertical fine artifacts), wato siraran layukan tsaye. Abubuwan da ke haddasa su suna da yawa, amma kusan kowanne da irin sawun da yake bari, kuma sawun yana cikin tazarar da ke tsakanin layi da layi. Saboda haka kafin ka ɗauki alanki, ɗauki rula. Yawancin masu fama da wannan matsala suna ta ɗaure bel, su sauya moto, su sayi sabon allon lantarki na na'urar, alhali awo na minti biyar zai nuna musu inda za su dosa.

Mataki na farko: tantance irin layin

Idan layin a kwance yake yana zagaye abin gaba ɗaya, matsalar hanyar Z ce, wato hanyar motsi sama da ƙasa, ko zafin da ke hawa da sauka, kuma wannan zance ne daban. Idan layi ɗaya ne tak a tsaye, ɗinki ne, wato wurin da kowane hawa ke farawa ya kuma ƙare. Silaisa, manhajar da ke yanka zane ta mai da shi umarnin bugu, tana da zaɓin ɓoye ɗinkin a kusurwa. Saura iri biyu. Akwai layukan da ke fitowa bayan kusurwa ko rami ko rubutu, su yi ƙarfi da farko sannan su dusashe. Akwai kuma waɗanda suka mamaye bangon daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da raguwa ba. Na farkon amon girgiza ne. Na biyun su ne masu wahalar sha'ani, kuma a kansu za mu fi daɗewa.

Mataki na biyu: bugun gwaji

Kada ka yi bincike a jikin abin da ya lalace, abubuwa da yawa ne suka cakuɗe a cikinsa. Zana akwati marar murfi, faɗinsa milimita 100 ta kowane gefe, tsayinsa 30. Buga shi da bango ɗaya ba ciko, ta zaɓin da PrusaSlicer da OrcaSlicer ke kira Spiral vase. Yi amfani da baƙin zare mai sheƙi, domin shi ne ba ya rufa wa na'ura asiri. Zare marar sheƙi yana ɓoye aibin, ya sa ka ɗauka komai lafiya.

Buga guda biyu, ɗaya da gudun milimita 40 a daƙiƙa, ɗaya da 80. A nan akwai tarko: silaisa takan rage gudu da kanta idan ta ga hawa ɗaya zai ƙare da wuri, don roba ta samu ta huce. Zagayen akwatin nan milimita 400 ne, a gudun 80 daƙiƙa 5 ke nan, kuma saituna da yawa ba sa yarda hawa ya ƙare cikin wannan ɗan lokaci. Rage mafi ƙarancin lokacin hawa a sashen sanyaya, ka kuma duba hoton gudu da silaisar ke nunawa kafin ka tura aikin. In ba haka ba za ka buga akwati biyu da gudu ɗaya kana zaton sun bambanta.

Kafin ka ɓamɓaro akwatin daga faranti, rubuta X a bangon da ke kallonka, Y a na gefe. A na'urar da farantinta ke kai da komo, irin Ender 3 ko Prusa MK3, moton X kaɗai ke zana bangon gaba da na baya, moton Y kuma na gefe, don haka bangon da ya fi muni ya riga ya nuna maka ɓangaren da ke da laifi. A na'urar CoreXY, wadda kan bugunta ne ke tafiya ta X da Y duka, irin Voron ko Bambu Lab X1, motoci biyun tare suke aiki a kan X da Y. Sai ka juya akwatin digiri 45 a silaisa kafin kowane bango ya zama aikin moto ɗaya.

Mataki na uku: awo da ɗan lissafi

Kashe fitilar ɗaki, kwantar da hasken tocila a jikin bangon ta gefe. Kada ka auna tazara ɗaya, kuskure zai yi yawa. Sa alama a layi ɗaya, ƙirga tazara goma, auna duka, ka raba da goma. Ma'auni mai baki biyu na masu aikin ƙarfe ya fi, amma rula mai kyau ta isa ga layuka masu faɗi. Ga sirara ƙwarai, ɗauki hoto da waya tare da rula a jikin bangon, ka zuƙo hoton ka ƙirga.

Yanzu ga lambobin da za ka gwama awonka da su. Kusan duk waɗannan na'urori bel ɗin GT2 suke amfani da shi, wanda tazarar haƙoransa milimita 2 ce. Fuli, wato ƙaramar tayar ƙarfe mai haƙora da ke kan sandar moto, yawanci haƙoransa 20 ne ko 16. Mai 20 yana jan bel milimita 40 a juyi ɗaya, mai 16 kuma 32. Moton gama-gari taku 200 yake yi a juyi, digiri 1.8 kowane taku. Ke nan da fuli mai haƙora 20, taku ɗaya milimita 0.2 ne, taku huɗu da ke cika zagayen wutar moto kuma 0.8. Da mai 16, lambobin su koma 0.16 da 0.64. In ba ka san fulinka ba, ba sai ka ƙirga haƙora ba, manhajar da ke tafiyar da na'urarka, Klipper ko Marlin, za ta gaya maka: a Klipper duba saitin rotation_distance, za ka ga 40 ko 32. A Marlin tura umarnin M503, idan takun X 80 ne a milimita to haƙora 20 ne, idan 100 ne to 16, muddin moton na digiri 1.8 ne kuma an raba takunsa gida 16.

Sai tambaya mafi muhimmanci: tazarar ta canza tsakanin akwatin 40 da na 80? Idan ta ninka da gudu ya ninka, girgiza ce, domin girgiza da lokaci take tafiya. Idan tana nan daram, sai dai zurfin layukan ya ƙaru ko ya ragu, to wani abu mai haƙora ko mai juyawa ne, domin shi da nisa yake tafiya. Wannan ne ya sa bugu ɗaya ba ya wadatarwa. Na'urar da ke girgiza sau 30 a daƙiƙa, in tana gudun 60, za ta bar layuka masu tazarar milimita 2 cif, daidai da haƙorin bel, kuma mutum zai iya kwana yana zargin bel ɗin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Idan akwatin gwaji ya fito sumul

To na'urar ba ta da laifi, zanen ne ko saitin silaisa. Abu biyu za ka duba.

Na ɗaya, cikon ciki yana leƙowa ta bango. Alamarsa ita ce layukan sun dace da wuraren da cikon ke taɓa bango, kuma in ka sauya kashin ciko tazararsu ta sauya. Mai da bango uku ko huɗu maimakon biyu, rage yadda ciko ke hawa kan bango, in ta kama ka sa a fara buga bangon waje kafin na ciki. Sai dai wannan na ƙarshe yana ɓata sassan da suka rataya ba madogara, don haka ba kowane zane ya dace da shi ba.

Na biyu ya shafi abubuwa masu lanƙwasa. Fayil ɗin STL, irin fayil ɗin zane da aka fi shigarwa silaisa, bai san da'ira ba, da ƙananan alwatika yake kwaikwayonta. Bututu mai faɗin milimita 50 zagayensa kusan 157 ne, in an fitar da shi da fuska 64 kowace fuska za ta kai kusan milimita 2.5, kuma na'ura mai kyau za ta buga su ɗaya bayan ɗaya da aminci. Zuƙo zanen a silaisa, za ka gan su tun kafin bugu. Sake fitar da fayil ɗin da ƙarancin kaucewa, 0.01 zuwa 0.02 na milimita, ko ka shigar da STEP, fayil ɗin zane da ke riƙe da ainihin lanƙwasa, kai tsaye, wanda PrusaSlicer ke karɓa tun fitowar 2.5 a 2022. Amma kada ka zarce. Fuskoki dubbai suna haifar da gajerun umarni masu yawan gaske, tsohon allo mai bit 8 ko bugu ta wayar USB sai ya kasa haɗiye su a kan lokaci, kan bugun ya riƙa sarƙewa yana barin ƙuraje a jere. Gwada bugawa daga katin SD, in abin ya tafi ka san daga ina yake.

Tazarar milimita 2: bel da abin da yake bi ta kai

Wannan ya fi kowanne yawa. A bangon da aka juya digiri 45 a CoreXY zai fito kusan 1.4 maimakon 2, domin bel ya fi kan bugu tafiya a wannan kusurwa.

Kashe na'ura, tura kan bugun da hannu a hankali. Na ce a hankali domin moto in an juya shi da sauri wuta yake haifarwa ta koma allo. Kalli bel ɗin yana tafiya. Yana gogar gefen fuli? Yana hawa yana sauka? Akwai baƙar ƙura a ƙarƙashin fulin? Duk alamun cewa fulin moto da tayar da ke ɗaya ƙarshen ba su daidaita ba ne. Sassauta ƙananan sukurori biyu na fulin, matsar da shi har bel ya zauna a tsakiya, ka tabbata ɗaya daga sukurorin ya sauka a kan shafaffen gefen sandar moto kafin ka ɗaure.

Sannan duba tayoyin da ba moto a jikinsu. Duk inda gefen bel mai haƙora ke naɗe taya mai santsi, kowane haƙori sai ya ɗan yi tsalle a kanta, kuma wannan tsallen ne kake gani a bango. Ƙa'idar mai sauƙi ce: haƙori ya haɗu da haƙori, bayan bel ya haɗu da santsi. Sauya wannan tayar da mai haƙora. Juya ta da yatsa tukuna, in boris ɗinta na ƙara ko tana cijewa, dama ta gama aiki.

Sai tsauri. A ganina nan ne aka fi yin ɓarna, domin shawarar da kowa ke bayarwa ita ce a ƙara ɗaurewa. Bel sako-sako yana kawo girgiza, gaskiya ne, amma wanda aka ɗaure fiye da kima yana danna haƙora cikin fuli da ƙarfi, layukan milimita 2 su ƙara fitowa, boris ɗin moto kuma ya ci wuya. Kada ka dogara da yatsa. Kaɗa bel ɗin ka auna sautinsa da manhajar waya mai auna amo. Masu Voron, alal misali, suna neman 110 Hz a tsayin bel na milimita 150. Wannan lambar tasu ce, nemi ta na'urarka, domin sauti ya danganta da tsawon inda aka kaɗa. A CoreXY daidaituwar bel biyun da juna ta fi kai wa wata lamba muhimmanci. Sauya tsaurin kaɗan-kaɗan, kana sake buga akwatin bayan kowane sauyi.

In duk wannan bai yi ba, sai a zargi ingancin kayan. Haƙorin bel da ramin fuli dole siffarsu ta dace. Kamfanin Gates ne ya fito da wannan siffa, kuma kwaikwayon da ba a yanka daidai ba yakan bar sawu ko da tsauri ya yi daidai. Sauya bel da fuli tare. Guji bel mai wayar ƙarfe a ciki a kan ƙananan fuli, ba ya son lanƙwasa mai tsanani, mai zaren gilas ya fi dacewa.

Tazara ƙasa da milimita 1: moto da direbansa

Idan awonka ya faɗo kusa da 0.8 ko 0.64, ko rabinsu, ko taku ɗaya, moton ne ba ya juyawa sumul. Haƙoran ƙarfen da ke cikinsa suna fizgar juna a kowane cikakken taku, direba kuma, ƙaramin guntun lantarki da ke ba shi wuta, yana ƙoƙarin lallaɓa shi ya tsaya a tsakanin taku da taku. Inda lallaɓar ta gaza, gudu ya ɗan ƙaru ya ɗan ragu, roba ta yi kauri a nan ta yi siriri a can.

Fara da sanin direbanka. Tsohon DRV8825 sananne ne da tsallake ƙananan taku a gudu kaɗan, kuma a kansa ne ƙananan allunan TL-Smoother ke da amfani. A kan direbobin Trinamic, irin TMC2208 da TMC2209, ba sa ƙara komai, kada ka ɓata lokacinka. Su Trinamic yanayi biyu gare su, StealthChop marar ƙara da SpreadCycle mai ɗan tsiwa amma mai riƙe moto da kyau a gudu. Gwada ɗayan da ba ka kai. A Marlin, M569 S0 X Y zai kai ka SpreadCycle, S1 ya dawo da kai. A Klipper, stealthchop_threshold na 0 shi ne SpreadCycle. Wasu alluna an haɗa direbobinsu ta yadda ba sa karɓar umarni, a irinsu wannan gwajin ba zai yiwu ba.

Daga nan sai ƙarfin wuta. Matsar da shi sama ko ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, ta M906 a Marlin ko run_current a Klipper, ka ga ɓangaren da bango ya fi kyau. Kada ka wuce kusan kashi 70 na amfiyar da aka rubuta wa moton, kuma ka riƙa taɓa shi, in ya fi ƙarfin hannu ka yi yawa.

Idan bango ɗaya ne kawai ke da aibin, kuma motocin X da Y iri ɗaya ne, musanya su. In aibin ya bi moto, an gama bincike. In ya tsaya inda yake, direba ne ko wayoyi. Cire na'ura daga wuta kafin ka zare wayar moto, zare ta da wuta a jiki yana ƙona direba nan take.

Magani na ƙarshe shi ne moto mai digiri 0.9, taku 400 a juyi, wanda ke raba tazarar biyu ya kuma rage zurfinta. Shi Prusa ta sa a MK4 da ta fitar a 2023. Yana aiki, amma sai ka ninka lambar taku a saiti, kuma ƙarfinsa yana saurin raguwa a babban gudu. Ba zan fara da shi ba.

Tazara mai faɗi

Tabo da ke dawowa kowane milimita 40 ko 32 juyin fuli ne guda: ko raminsa ba a tsakiya yake ba, ko sukurunsa ya kwance, ko wani abu ya maƙale a haƙori ɗaya. Wanda ke dawowa bayan kusan santimita 7 a na'ura mai tayoyin roba, taya ce ta shafe a wuri ɗaya ko ta kwashi datti. Cire bel ka tura kan bugun, za ka ji inda yake ɗan cijewa. Goge tayoyi da kwarin da suke bi, sannan ka daidaita notin da ke matse su da sufana har tayar ta kama ba girgiɗi amma yatsa na iya juya ta da ɗan ƙoƙari. Matsewa da yawa ita ke shafe su tun farko. A na'ura mai sanduna ko dogon ƙarfe, layuka marasa tsari sau da yawa bushewar boris ce, wanke shi ka sa giris marar kauri.

Girgiza, da mai tura zare

Idan tazara ta bi gudu, raba gudun da tazarar ka samu yawan girgizar a daƙiƙa. Ɗaure duk sukurorin jikin na'ura, ɗora ta a kan abin da ba ya rawa, rage zaburar bangon waje. Sannan kunna tsarin kashe girgiza: Klipper yana auna ta da ƙaramin guntu irin ADXL345, Marlin kuma tun 2.1.2 yana da M593 inda za ka sa lambar da hannu. Wannan tsari amon kusurwa yake kashewa, ba ya taɓa layukan bel ko na moto, kada ka sa rai. Kashe fankar sanyaya na ɗan lokaci ma gwaji ne mai kyau, fanka mai karyayyen fiffike tana kaɗa kan bugu gaba ɗaya.

Akwai kuma mai ruɗarwa: giyoyin da ke tura zare. Nasu layukan yawanci a karkace suke, amma in tsawon zagayen abin ya dace da juyinsu sai su miƙe tsaye. Sauya faɗin layi daga 0.45 zuwa 0.55. Aibin X da Y ba zai motsa ba, na giya kuwa zai matse ko ya karkace, domin yawan zaren da ake turawa ya canza. Goge haƙoran giyar da buroshi, sassauta matsin da ke kan zare, ka tabbata naɗin zaren yana warwarewa ba fizga.

Nemo gudun da na'urarka ke so

Bayan duk gyara, ɗan saura ba ya rasawa, kuma zurfinsa ya danganta da gudu. Haƙoran bel a gudun 60 suna bugawa sau 30 a daƙiƙa, a gudun 100 sau 50, kuma duk inda bugun ya dace da girgizar jikin na'ura sai layukan su yi tsanani. Shi ya sa rage gudu, wanda shi ne abin da hannu ke fara kaiwa, sau da yawa ƙara ɓata bango yake yi. OrcaSlicer tana da hasumiyar gwajin VFA a cikin jerin gwaje-gwajenta, mai ƙara gudu mataki-mataki yayin da take hawa, da bangaye a kusurwoyi daban-daban. Buga ta, haska ta da tocila, ka rubuta gudun da bango ya fi santsi da wanda ya fi muni.

Kula da iyakar narkarwa a matakan sama. Hawa 0.2 da faɗi 0.45 a gudun 150 yana bukatar milimita kubik 13.5 na roba a daƙiƙa, kuma kan narkarwa na gama-gari a wajen 12 zuwa 15 yake fara gazawa da zaren roba na PLA. Bangon da ya dusashe ko ya yi ramuka a can sama ƙarancin roba ne, ba layukan da muke nema ba. Gudun da ka zaɓa, bangon waje kaɗai za ka sa wa, ciko da bangon ciki su yi gudunsu. Sannan ka hana silaisa rage gudun bangon waje saboda sanyaya in tana da wannan zaɓi, in babu kuma ka riƙa buga ƙananan abubuwa biyu-biyu a faranti ɗaya, don lokacin hawa ya tsawaita, gudun ya zauna inda ka ajiye shi.